Zuwa Kano karatu a Jami'ar Bayero: tambayoyin sababbin ɗalibai da iyayensu

Da zarar jami'o'i sun fara sakin sunaye, tambayoyi kan fara zuwa daga ƙanne da iyaye, daga Gumel, Malumfashi, Azare, Gusau, har da Maraɗi, kuma kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Shi ya sa na tara su wuri guda. Na fi tsayawa a kan Jami'ar Bayero, wato BUK, domin ita na sani, amma wanda zai shiga wata makarantar a cikin birnin zai tsinci abin da zai amfane shi. Za a ga na daɗe a kan maganar masauki, kuma da gangan ne. A ganina wurin kwanan ɗalibi shi ke yanke yawan kuɗin da zai kashe, da lokacin da zai riƙa isa lakca, da irin mutanen da zai yi shekara huɗu a cikinsu.

Yaya, na samu gurbi a BUK. A wane ɓangaren Kano take?

Ba a wuri ɗaya take ba, ƙanena, kuma wannan ne abu na farko da ke rikita baƙo. Tsohon mazauni, wanda ɗalibai ke kira Old Site, yana kan titin BUK a gefen ganuwar birni kafin ka kai Kabuga. Makarantar ta taso ne a matsayin Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kafin ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. Sabon mazauni, New Site, yana kan titin Gwarzo bayan ka wuce Rijiyar Zaki, kuma can ne ofishin shugaban jami'a da yawancin tsangayoyi suke yanzu. Ɗaliban likitanci da makamantansu kuwa, idan suka kai matakin duba marasa lafiya, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya suke komawa, wanda yake wani gefen gari daban.

Kafin ka biya ko sisi a kan ɗaki, ka tambayi wanda ke gaba da kai a sashenku inda ake yi wa 'yan aji ɗaya lakca. Akwai waɗanda shekararsu ta farko ke rabuwa tsakanin mazaunan biyu.

Wace tasha zan sauka, kuma yaushe ya kamata in iso?

Ya danganta da inda ka fito. Motocin Kaduna da Abuja sun fi sauke mutane wajen Na'ibawa da Unguwa Uku, na Katsina da Daura da Nijar wajen Ƙofar Ruwa, na Haɗeja da Gumel wajen Yankaba, manyan bas-bas na kudu kuma a Sabon Gari. Wanda ya biyo ta Gwarzo shi ya fi kowa sa'a, domin ta ƙofar sabon mazauni motarsa za ta wuce.

Ka taso da asuba, ka shigo da rana tsaka. Baƙo da buhu da akwati a bakin tasha bayan magariba yana jawo idon da ba ya so. Ka sa wani ya tarye ka, ko da ɗan garinku ne da ba ku taɓa haɗuwa ba.

Hostal ya fi, ko in kama haya a waje?

Idan ka samu gado a hostal a shekarar farko, ka karɓa hannu biyu. Na san abin da za a gaya maka: cunkoso, layin banɗaki, hayaniyar da ba ta ƙarewa, kayanka da za su riƙa yin ƙafa idan ba ka kulle ba. Duk gaskiya ne. Amma ka lissafa abin da za ka samu. Kuɗin gado bai kai haya ba. Ba ka biyan kuɗin mota safe da yamma. Lakcar ƙarfe takwas da ƙafa za ka je ta. Ɗakin karatu yana kusa, ajujuwan da ake karatun dare suna kusa, masallaci yana kusa, kuma akwai masu gadi a ƙofa. Sannan a hostal ne labari ke fara yawo: an ɗage tes, an canza ɗakin lakca, an liƙa sakamako. Ɗan waje shi ne na ƙarshen ji.

Matsalar ita ce gadajen ba sa isa, domin ɗalibai sun ninka su nesa ba kusa ba. Ana nema ne ta shafin jami'a bayan an biya kuɗin rajista, kuma cikin ɗan lokaci suke ƙarewa. Wanda ya jinkirta rajista don yana jiran a sayar da amfanin gona yakan tarar an rufe. Idan da hali, a nemi rance a gida a biya da wuri, a mayar bayan kaka.

Akwai kuma masu sayar da gadonsu ga wani a ɓoye. Dokar jami'a ta hana, kuma idan aka kama, mai saye ne ke kwana a waje da kayansa.

To, ban samu gado ba. Wace unguwa zan nema, kuma me zan duba?

Ɗaliban sabon mazauni sun fi zama a Ɗanbare, Rimin Gata da Rijiyar Zaki. Na tsohon mazauni kuma a Kabuga, Janbulo, Ɗorayi da Gadon Ƙaya. Ƙa'idar da nake bai wa kowa ita ce: ɗakin da za ka iya takawa da ƙafa zuwa ƙofar makaranta ya fi ɗaki mai kyau da sai ka hau mota biyu. Rahusar da ka samu a kuɗin haya, ɗan sahu zai karɓe ta kafin semista ta ƙare, ya haɗa da lokacinka.

Kada ka biya kuɗin ɗakin da ba ka shiga da ƙafarka ba. Hoto a WhatsApp ba ya nuna warin kwata. Idan ka je, ka fara da ruwa: akwai rijiyar burtsatse a gidan, ko sai 'yan garuwa? Idan 'yan garuwa ne, nawa ne jarka a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya? Ka tambayi yadda ake raba kuɗin wuta da wanda ke karɓa. Ka ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo, ka dubi ƙasan bango ko akwai alamar ruwa ya taɓa kwanciya, domin wasu lungunan da suke tsaf da rani ba sa shiguwa a watan Agusta. Ka ƙirga mutanen da ke amfani da banɗaki ɗaya. Ka gwada ƙofa da sakata da tagogi. Sannan ka koma unguwar da daddare sau ɗaya ka ga su wa ke zama a bakin lungu.

Duk waɗannan tambayoyin, ɗalibin da ke zaune a gidan za ka yi wa, ba dillali ba. Dillali la'adarsa yake nema.

Haya a Kano ta shekara ce, ana biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali a kai. Ka tabbata ka ga mai gidan ko wakilinsa da 'yan haya suka shaida, ka karɓi rasit mai ɗauke da ranar shiga da ranar ƙarewa. Ana damfarar sababbin ɗalibai ta hanyar karɓar kuɗin ɗaki ɗaya daga mutum biyu, kuma wanda ba shi da takarda a hannu ba shi da ta cewa. Idan za ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku, ku yi magana a fili tun ranar farko kan girki, baƙi, kwanan aboki da lokacin kashe fitila. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, amma saɓanin da aka yi maganarsa tun farko ba ya kai wa ga raba tukunya.

Kawuna yana Hotoro, ya ce in zauna a gidansa. In karɓa?

Ka gode masa ƙwarai, ka sauka a wurinsa makon farko. Amma Hotoro tana gabashin gari, sabon mazauni yana yamma, sai ka ratsa Kano gaba ɗaya sau biyu kullum. Ga shi kuma ɗan da ke zaune a gida ba ya ƙin aike, ko da gobe yana da jarrabawa. Idan gidan yana kusa da makaranta, alheri ne babba. Idan yana da nisa, ka sa mahaifinka ya yi wa kawu bayani da kansa don kada ya ji an raina tayinsa, kai kuma ka mayar da gidan wurin zuwa ranar Juma'a ko ƙarshen mako. Samun babba a gari wanda ya san fuskarka, wanda za a kira idan wani abu ya faru, ba ƙaramin abu ba ne.

Malam, 'yata ce ta samu, kuma ba ta taɓa kwana a wani gari ba. Hankalina bai kwanta ba.

Baba, damuwarku tana kan hanya, kuma ba ku kaɗai ba ne. Shawarata ku yi duk abin da za ku iya ta samu hostal ɗin mata na cikin makaranta, inda akwai masu kula da lokacin rufe ƙofa, kuma maza ba sa shiga. Idan bai samu ba, akwai gidajen haya na mata zalla masu maigadi a unguwannin da ke kewaye. Ku zo da kanku ku gani, ku gaisa da mai gidan, ku karɓi lambar wata babbar ɗaliba 'yar garinku.

Abu biyu nake roƙonku. Kuɗinta ya riƙa isa a kan lokaci, ko kaɗan ne, domin yarinyar da ta san ranar da kuɗinta zai zo ba ta kallon hannun kowa. Na biyu, ku bar mata ƙofar magana a buɗe. Idan wani malami ko ɗalibi ya matsa mata, ta san cewa in ta faɗa a gida ba za a ce ta tattaro kayanta ta dawo ba. Tsoron a cire su daga makaranta shi ke sa 'yan mata da yawa yin shiru a kan abin da ya kamata a kai ofishin kula da harkokin ɗalibai tun ranar farko.

Ina kuɗin ɗalibi ke tafiya ne?

Ba a manyan abubuwa ba. Kuɗin rajista da haya an san su, an shirya musu. Abin da ke cinye aljihu shi ne ɗan sahu, data, hoton takardu, ruwan leda, cajin waya, ladan mai POS, da abincin saye sau uku a rana. Ranar da kuɗin wata ya shigo, ka fara sayen abinci ɗanye, ka ware na mota, ka ɓoye wani abu da ba za ka taɓa ba sai rashin lafiya ko tafiyar gaggawa.

Kuma ka riƙe kirarin garin da kyau: Kano ta Dabo, ko da me ka zo an fi ka. A ajinku za ka ga mai zuwa da mota, da mai wayar da ta fi kuɗin hayarka ta shekara. Idan ka ce sai ka yi kafaɗa da su, bashi za ka ci kafin hutun farko.

Gaskiya ne gwamnati na ba da bashin karatu?

Gaskiya ne. Asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya kuma bai wa wanda ya nema kuɗin kashewa duk wata. Ba shi da ruwa, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. Bashi ne dai, don haka a yi shawara a gida kafin a cike. Ka kuma bincika hukumar tallafin karatu ta jiharku ta hannun ƙungiyar ɗaliban jihar. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka, ɓarawo ne.

Me zan taho da shi daga gida, me zan bari in saya a can?

Ka taho da abin da gida ke da shi a araha: wake, shinkafa, garin tuwo, garin kwaki, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, yaji, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa. Ka haɗa da bargo da rigar sanyi saboda hunturun Disamba da Janairu, da gidan sauro. Bokiti, katifa, tukunya da sauran tarkace kuwa kada ka wahalar da kanka da ɗaukarsu, Kano ce gidansu. Robobi da gwanjo suna Ƙofar Wambai, kayan masarufi a Singa, yadi da atamfa a Kantin Kwari, kayan miya a Yankaba, hatsi a Dawanau, waya da gyaranta a Farm Centre. Idan kuka haɗa kuɗi ku huɗu kuka sayo a sari, za ku ga bambanci da sayen gwangwani-gwangwani a shagon unguwa. Mai zama a hostal ya fara karanta dokar girki kafin ya sayi hita ko tukunyar gas.

Ka koyi dafa abu uku kafin ka baro gida, ko da garau-garau da taliya da ɗanwake ne. Gurasar Kano da awara da shayin mai shayi suna da daɗi, amma ba za su riƙe ka wata guda ba.

Yaya zirga-zirga take, kuma da gaske ne maganar ƙwacen waya?

An hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin tun watan Janairun 2013, don haka adaidaita sahu ce abin hawan kowa. Ka faɗi inda za ka, ku daidaita kuɗi kafin ka shiga, kuma ka bambance tsakanin shiga tare da sauran fasinjoji da ɗaukar shata, domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Tsakanin mazaunan jami'a biyu akwai motocin ɗalibai da suka fi sauƙi. Kabuga ita ce mahaɗarka, idan ka gane ta ka gane rabin hanyoyinka.

Ƙwacen waya gaskiya ne, kuma an rasa rayuka a kansa. Kada ka riƙa latsa waya a cikin ɗan sahu ko a bakin titi da daddare. Idan ka leƙa ka ga mutanen ciki ba su kwanta maka ba, ka bar shi ya wuce, wani na zuwa. Idan kuma aka tare ka da makami, ka miƙa. Ina faɗin wannan da babbar murya ga samari musamman, domin su ne ke jin kunyar a ce an karɓe musu abu. Ka ajiye lambobin gida a takarda, ka sa wa manhajar bankinka makulli.

Rajista fa? An ce wahala ce.

Tana da layi, amma ba ta gagara. Ka zo da takardunka na asali da kwafi da yawa: sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, shaidar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma, da ƙananan hotuna. Kuɗin makaranta ta Remita, hanyar biyan kuɗi ta intanet, ake biya da lambar da ka ciro daga shafin jami'a da sunanka. Kada ka tura wa wani a asusunsa don ya biya maka. Kowane rasit ka ɗauki hotonsa ka ajiye, za a neme shi har ranar da za ka karɓi shaidar kammalawa. Sannan ka nemi malamin da ke kula da ajinku ya duba kwasa-kwasan da ka cike kafin ka miƙa.

Turancina ba shi da ƙarfi. Zan iya kuwa?

Za ka iya, da yawa sun zo a haka sun fita da sakamako mai kyau. Amma akwai tarko a Kano: Hausa ta wadace ka a kasuwa, a mota, a hostal, har a bakin ofis, sai ka shekara ba ka yi Turancin minti goma a jere ba, alhali da shi za ka rubuta jarrabawa. Ka zauna a gaba a aji. Ka karanta wani abu da ƙarfi kullum. Ka yi abota da ɗaliban da suka zo daga Kogi, Binuwai ko Legas, ka ƙyale su su yi maka gyara.

Kada kuma ka ɗauki shekarar farko ta hutawa ce. A yawancin kwasa-kwasai makinta yana shiga lissafin ƙarshe, kuma a ma'aunin 5.00 sai da 4.50 ake samun daraja ta ɗaya, 3.50 kuma ta biyu mai girma. Wanda ya faɗi ƙasa a aji ɗaya yakan yi shekara uku yana hawan dutse. A sakandare akwai mai bin ka da bulala, a nan babu wanda zai tambaye ka don me ba ka zo ba. Sai ranar da aka liƙa sakamako.

Kewar gida ta dame ni, har ina jin in koma.

Kusan kowa ya ji haka a makonnin farko, har da waɗanda ke nuna ba komai. Ka kira gida, amma kada ka riƙa tafiya duk ƙarshen mako, domin ba za ka taɓa sabawa ba. Ka nemi ƙungiyar ɗaliban jiharku ko ƙaramar hukumarku, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ko ƙungiyar ɗalibai Kirista, ka sami mutum biyu ko uku da za su lura idan ba su gan ka ba. Ka kula da wanda zai fara jawo ka da kyauta da yawon dare, da mai ba ka ƙwaya wai don ka iya karatun dare. Da yawa daga nan suka fara.

Ka kuma fita ka ga garin da rana tare da abokai. Ka hau Dala ka hango birnin, ka shiga Gidan Makama, ka leƙa marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Idan damuwar ta kai ba ka barci, ba ka cin abinci, ka je asibitin makaranta ka faɗa.

Ni ba Musulmi ba ne, kuma ba Bahaushe ba. Zan sake?

Za ka sake. Jami'ar ta tarayya ce, akwai ɗalibai daga ko'ina, akwai wuraren ibadar Kirista, Sabon Gari kuma cike take da coci-coci. Sai dai Kano jiha ce mai bin shari'ar Musulunci tun 2000, kuma akwai Hisbah. Ka sa tufafin mutunci, wanda jami'ar ma tana da dokarsa, ka guji gardamar addini a aji ko a intanet, ka san cewa da azumi yawancin masu abinci ba sa buɗewa da rana. Ka koyi gaisuwa, tana buɗe ƙofofi da yawa a garin nan.

Idan na yi rashin lafiya fa?

Cikin kuɗin rajistarka akwai na lafiya, don haka ka buɗe kati a asibitin jami'a tun kana lafiya. Zazzaɓin cizon sauro ne ya fi kayar da ɗalibai da damina. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan haura digiri 40, lokacin sanƙarau ke nan, musamman a ɗakin da mutane suka yi yawa kuma iska ba ta shiga. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba na kemis ba ne, a tafi asibiti a daren.

Zan iya haɗa karatu da sana'a?

A Kano kam, sosai. Ɗalibai na sayar da data, turare, hula, atamfa daga Kwari, suna ɗinki, kitso, aski, gyaran waya, da koyar da yara darasi a gidaje. Amma ka bari semistar farko ta wuce ka ga nauyin karatunka tukuna, kuma ka zaɓi sana'ar da za ka iya rufewa makon jarrabawa ba tare da ka ci amanar kowa ba.

Idan aka tafi yajin aiki, me zan yi da ɗakina?

Tambaya ce da ya kamata a yi tun kafin a biya haya. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, kuma hayar ɗaliban da ke waje ta ci gaba da ƙirguwa ɗakunan suna kulle. Ka tambayi mai gida tun farko yadda yake yi a irin wannan hali, a rubuta a takarda idan ya yarda da rangwame. Idan za ka tafi gida, ka kwashe takardunka na asali da kwamfuta da duk abin da ke da daraja, ka rabar da abincin da zai lalace, ka ɗaga katifa daga ƙasa saboda damina, ka bar wa maƙwabcin da ke zaune a unguwar lambarka. Kuma ka ci gaba da bin saƙonnin ajinku, domin idan aka janye yajin aiki, 'yan makonni kaɗan ake bayarwa kafin a shiga jarrabawa.